Wuta da Ciyawa a Dajin Zugu

Zugu, wanda ake rubutawa Djougou da Faransanci, gari ne a arewa maso yammacin Jamhuriyar Benin. Hausawa sun daɗe da saninsa, domin nan fatake suke yada zango a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Ruwan sama a yankin yakan kai wajen milimita 1,200 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Ruwa kamar wannan ya isa ya raya daji mai duhu, amma galibi abin da ake gani shi ne doguwar ciyawa irin su gamba, da itatuwa jefi-jefi, yawanci kaɗanya da ɗorawa.

Babban dalilin haka wuta ce. A Kazakistan da kudancin Rasha ma akwai makeken filin ciyawa, sai dai can ƙarancin ruwa ne da tsananin sanyi suke hana itace fitowa. A Zugu kuwa, hannun mutum ne. Da damina ta wuce, mafarauta da manoma da makiyaya sukan cinna wa daji wuta, kowa da bukatarsa. Gamba ba ta damu ba, don ranta yana cikin saiwa. Bayan 'yan kwanaki sai ta yi sabon toho, shanu su samu abin ci.

Lokacin ƙunar ne abin lura. Wutar Nuwamba da farkon Disamba takan tarar da ciyawa da sauran danshi, sai ta ci nan ta bar can. Ta Fabrairu da Maris kuwa, bayan hunturu ya busar da kome ƙayau, takan kashe ƙananan itatuwa, ta babbake furen kaɗanya, ta bar ƙasa tsirara har ruwan farko ya zo ya kwashe ta. Shi ya sa ma'aikatan gandun daji suke son a yi ƙuna da wuri. Matan da ke tsintar kaɗe su ne suka fi kowa sanin bambancin.

Amma yanzu garma ta fi wuta ɓarna. Doya tana son sabuwar ƙasa, auduga da kashu suna cin fili, ga masu gawayi. Saurar da a dā akan bari ta huta shekaru da yawa, yau ba a jira. Ko gandun Kilir da ke cikin garin, gidaje sun matse shi.