Ƙwaƙwalwar Ɗakin Bincike da Tsohuwar da Ake Kira Mayya

A 2013, a birnin Biyana na Ostiriya, Madeline Lancaster da Jürgen Knoblich suka raini wani ɗan curin nama da bai wuce ƙwayar wake ba, daga ƙwayoyin halittar ɗan Adam, ya tashi da zubin ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Babu jijiyar jini a cikinsa, kuma ba ya tunani. Tun 2007 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna ana iya mayar da ƙwayar fatar mutum ɗanya, ta rikiɗe zuwa kowace irin ƙwayar jiki. Don haka yau ana yankar ɗan fatar mai ciwon mantuwa na Alzheimer, a raini curi daga gare ta, a ga sinadaran amiloyid da tawu suna taruwa, irin waɗanda ake samu a ƙwaƙwalwar masu ciwon. Haka ake yi wa ciwon makyarkyata na Parkinson, a kuma gwada magunguna.

Wannan ya isa ya kashe wata magana da ta ƙi mutuwa a ƙauyukan Tibiri da Dogondutsi. Tsohuwa ta fara manta sunan jikokinta, tana fita da dare, tana kiran waɗanda suka rasu, sai a ce mayya ce, ko iskoki sun taɓa ta. Yaro ya yi zazzaɓi a makwabta, a ɗora mata. To, curin da ke cikin kwalba wa ya kama wa kurwa? Ba shi da kishiya, bai taɓa ratsa gindin tsamiya da tsakar rana ba, amma alamun ciwon sun fito a jikinsa. Abin haushi, surutan ruɗewa da bakin tsohuwar ke furtawa su ake ɗauka a matsayin amsa laifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 a duniya ke fama da ciwon mantuwa. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ma suna jawo shi.

Maganin warkewa bai samu ba tukuna, sai kulawa. A kai tsohuwar wurin likita a auna jininta. Kada a yi mata gardama in ta rikice, kada a ɗaure ta, kada a bar ta kusa da rijiya ko murhu ita kaɗai. A sanar da makwabta da mai gari halin da take ciki, don in an tsince ta a hanya a maido ta gida. Yaran da ke binta da jifa kuwa, iyayensu su tsawata musu.