Dalilan da ke sa fayil ɗin zane ƙin buɗewa a kwamfuta da yadda ake shawo kansu

A ofisoshin zanen gine-gine da kamfanonin injiniyoyi daga Abuja zuwa Kano da Legas, da wuya a wuni ba a aika fayil ɗin zane daga wannan kwamfuta zuwa waccan ba. Mai awon fili yakan aika wa mai zanen gini taswirar fuloti, mai zanen ya miƙa nasa ga injiniyan da zai lissafa rodi da kankare, shi kuma ya tura wa masu aikin lantarki da na famfo. A kowace gaɓa fayil na iya isa ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe amma wani abu ya sauya a cikinsa.

Asarar da hakan ke jawowa ba ƙarama ba ce. Wani rahoto da Cibiyar Ma'auni da Fasaha ta Amurka, NIST, ta fitar a 2004 ya ƙiyasta cewa rashin jituwar manhajoji na ci wa harkar manyan gine-gine ta ƙasar dala biliyan 15.8 a shekara. Haka kuma, daga cikin abubuwan da suka jinkirta jirgin saman Airbus A380 kusan shekara biyu akwai bambancin manhaja: injiniyoyin Jamus suna aiki da tsohon zubin manhajar CATIA, na Faransa kuma da sabo, aka wayi gari wayoyin lantarkin da aka yanka ba su dace da jikin jirgin ba. Sai a watan Oktoban 2007 aka miƙa jirgin farko.

Matsalar iri biyu ce. Akwai wadda ke bayyana kanta da saƙon gargaɗi a fuskar kwamfuta, akwai kuma wadda ke shigewa shiru. Ta farko takan cinye lokaci, ta biyun kuwa ita ce ke kaiwa har wurin gini, inda gyara ke nufin fasa kankare. Dukkansu ana gano su ne ta bin matakai ɗaya bayan ɗaya, a fara da mafi sauƙi.

Fayil ɗin ya iso cikakke?

Kafin a zargi manhaja, ana fara tabbatar da cewa abin da aka aiko shi ne ya iso. Yankewar intanet a tsakiyar sauke fayil, ko zare filashi kafin a gama kwafa, kan bar rabin fayil mai ɗauke da cikakken suna. Hanya mafi sauri ita ce a tambayi wanda ya aiko girman fayil ɗin a wajensa, a kwatanta da wanda ke hannu. Idan lambobin sun saɓa, babu abin yi sai a sake aikowa.

Wasu fayilolin rubutu ne tsantsa, ana iya leƙa cikinsu da manhajar Notepad. Fayil ɗin STEP yana farawa da ISO-10303-21, ya ƙare da END-ISO-10303-21. Fayil ɗin DXF na rubutu yana ƙarewa da EOF. Idan aka duba ƙarshe ba a ga waɗannan ba, fayil ɗin ya yanke a hanya.

Suna da wurin ajiya ma kan jawo cikas. Windows ta daɗe da iyakance tsawon adireshin fayil zuwa haruffa 260, saboda haka zanen da aka binne cikin folda bayan folda na iya ƙin buɗewa. Wasu tsofaffin manhajoji kuma ba sa gane haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil. Kwafo fayil ɗin zuwa kan kwamfutar kanta, a ba shi gajeren suna da haruffan da ba su da lanƙwasa, gwaji ne da bai wuce minti ɗaya ba.

Sabon zubi da tsohuwar manhaja

Sanadin da aka fi cin karo da shi shi ne bambancin zubi. Tun da kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD a 1982, ya sha sauya tsarin fayil ɗinsa na DWG, ciki har da sauye-sauyen 2000, 2004, 2007, 2010, 2013 da 2018. Sabuwar manhaja tana karanta tsohon fayil, amma tsohuwa ba ta san sabo ba. Wanda ke aiki da AutoCAD 2016 ba zai iya buɗe zanen da aka adana a tsarin 2018 ba, ko da kuwa fayil ɗin lafiyarsa ƙalau.

Ana gane zubin ba tare da AutoCAD ba. Idan aka buɗe fayil ɗin DWG da Notepad, haruffa shida na farko ne ke faɗar shekarunsa: AC1032 na nufin tsarin 2018, AC1027 na 2013, AC1024 na 2010, AC1021 kuma na 2007. Sauran abin da ya biyo baya tarkacen alamomi ne da ido ba ya karantawa, kuma a rufe ba tare da an adana komai ba.

Maganin yana da sauƙi. Ko wanda ya aiko ya sake adana zanen a tsohon tsari, ko wanda ya karɓa ya yi amfani da DWG TrueView, manhajar kyauta ta Autodesk, ko ODA File Converter ta ƙungiyar Open Design Alliance, domin mayar da shi baya.

Ga masu aiki da Revit lamarin ya fi tsauri, domin ba a adana fayil ɗinta zuwa tsohon zubi. Da zarar mutum ɗaya ya buɗe aikin da sabon zubi ya adana, sauran abokan aiki masu tsohuwar manhaja sun rasa hanyar shiga. Abin da ya rage shi ne a fitar da aikin a tsarin IFC, wanda ke da lambar ISO 16739, kuma a wannan hanyar akan rasa wani ɓangare na bayanan.

Abin da aka baro a gida

Zane sau da yawa ba fayil ɗaya ba ne. Babban zanen yakan jingina da wasu: taswirar fili, hoton tambarin kamfani, nau'in haruffan rubutu, da jadawalin kaurin layuka na bugawa. Idan aka aika babban fayil shi kaɗai, zai buɗe, sai dai a tarar da wani sashe fayau, ko rubutu ya sauya kama ya hau kan layuka. Haruffan Hausa masu lanƙwasa kan koma alamar tambaya idan nau'in haruffan da ke kwamfutar bai ƙunshe su ba.

A AutoCAD, umarnin XREF na nuna jerin fayilolin da zanen ke nema da waɗanda bai samu ba. A ɓangaren mai aikawa kuwa, umarnin ETRANSMIT na tattara zanen da duk abin da ya dogara da shi cikin ƙunshi ɗaya.

Kuskuren da ba ya gargaɗi

Mafi haɗari shi ne kuskuren ma'auni. Abin da fayil ke riƙewa lamba ce, kuma 100 na iya zama milimita, mita ko inci. Masu awon fili kan yi aiki da mita, masu zanen gini da milimita, zane-zanen kayan da aka sauko da su daga kamfanonin Amurka kuma galibi da inci. Idan manhaja ta yi kuskuren fahimta, abu kan ninka ko ya ragu sau 1,000 tsakanin mita da milimita, ko sau 25.4 tsakanin inci da milimita.

Waɗannan lambobi su ne alamar gane cutar. A auna abin da aka san girmansa, kamar ƙofa. Ƙofar da ya kamata ta nuna 900 ta nuna 0.9, an haɗa mita da milimita. Ta nuna 35.4, inci ne ya shiga tsakani. A AutoCAD, saitin INSUNITS ne ke faɗar ma'aunin zane: 1 inci, 4 milimita, 6 mita, 0 kuma ba a ayyana komai ba. Fayil ɗin STL, wanda ake kai wa na'urar buga abubuwa masu siffa uku, ba ya ɗauke da ma'auni ko kaɗan, don haka dole mai aikawa ya faɗa da bakinsa.

Taswirar fili da lambobinta

Fayilolin masu awon fili na da tasu matsalar. Suna ɗauke da lambobin ainihin wurin a doron ƙasa, kuma lambobin manya ne. Fuloti a Kano, alal misali, yana da nisan fiye da mita miliyan ɗaya daga layin da ya raba duniya biyu. Idan aka shigo da irin wannan taswira cikin zanen da aka fara daga sifili, fuskar kwamfuta kan nuna kamar babu komai, alhali zanen yana can nesa. Umarnin ZOOM tare da zaɓin Extents na nuna inda ya faɗa. Revit kuma takan yi gargaɗi idan faɗin abin da aka shigo da shi ya wuce mil 20, wato kimanin kilomita 32, domin daga nan lissafinta ke fara rasa daidaito. Sau da yawa wani ɗigo ko layi ɗaya da aka manta a nesa ne ke faɗaɗa zanen, kuma goge shi ya wadatar.

Akwai kuma batun tushen awo. Taswirori da yawa a Najeriya an yi su ne bisa tushen awo na Minna, yayin da na'urorin GPS da taswirorin intanet ke amfani da WGS 84. Wuri ɗaya na iya gocewa da gomman mitoci tsakanin biyun, abin da ya isa ya jefa katanga cikin filin maƙwabci. Ƙasar ta kuma ratsa shiyyoyi uku na tsarin UTM, wato 31, 32 da 33, saboda haka lambobi ba su da ma'ana sai an san shiyyarsu.

Idan jerin lambobi aka aiko a fayil ɗin CSV, a duba wanne ya zo farko, lambar gabas ko ta arewa, domin musanya su na juya fuloti ya kai shi wani wuri. Masu aiki da abokan hulɗa a Jamhuriyar Nijar ko Chadi su lura cewa kwamfutar da aka saita da Faransanci tana rubuta 12,5 a inda ta Najeriya ke rubuta 12.5, kuma wannan waƙafi kaɗai na iya wargaza jadawalin.

Zane mai siffa uku

A fannin ƙere-ƙeren inji, kowace manhaja na da injin lissafin da take gina siffofi da shi. SolidWorks da NX suna amfani da Parasolid, FreeCAD kuma da Open CASCADE. Kowane inji na da iyakar tazarar da yake ɗauka a matsayin haɗuwar fuskoki biyu. Abin da wannan ya gani a haɗe, wancan na iya ganin tsaga a cikinsa, sai dunƙulallen ƙarfe ya iso a matsayin fatu marasa ciki, ba a iya lissafa nauyinsa ko huda shi.

Zaɓin tsari na rage wannan. IGES tsohon tsari ne da ya fito a 1980, zubinsa na ƙarshe kuma na 1996 ne, kuma ya fi kawo irin wannan tsagar. STEP ya fi riƙe siffa dunƙule. Idan manhajojin biyu injinsu ɗaya, aika fayil ɗin Parasolid kai tsaye ya fi. SolidWorks na da Import Diagnostics, wanda ke nuna tsagogin ya kuma yi ƙoƙarin ɗinke su. Duk da haka, siffa ce kawai ke ƙetarawa. Tarihin matakan da aka bi wajen gina ta yakan tsaya a manhajar asali.

Idan fayil ya lalace da gaske

Ɗaukewar wuta a daidai lokacin adanawa na daga cikin abubuwan da ke lalata fayil, musamman a kwamfutar tebur da ba ta da batirin ko-ta-kwana. Ƙa'idar farko ita ce a kwafi fayil ɗin, a yi gwaji a kan kwafin.

Idan zanen na buɗewa, umarnin AUDIT na bincike ya gyara kurakurai, PURGE kuma ya share tarkace. Idan ba ya buɗewa, a gwada RECOVER. In hakan ya faskara, a buɗe sabon zane a shigo da lalataccen cikinsa da umarnin INSERT. AutoCAD na kuma barin fayil mai ƙarshen suna .bak kusa da zanen, wanda shi ne adanawar da ta gabata, tana kuma yin ajiyar kai-da-kai duk minti 10 a fayil mai ƙarshen .sv$ idan ba a sauya saitin ba. Mayar da ƙarshen sunan zuwa .dwg na dawo da aikin.

A yi hattara da fayilolin da ba a nema ba, masu suna irin acad.lsp ko acaddoc.lsp, da ke biyo folda daga filashin wani. Ta irin wannan hanya ce ƙwayar cutar kwamfuta ta ACAD/Medre.A, wadda aka bankaɗo a 2012, ta riƙa satar zane-zane, galibi a ƙasar Peru.

Rigakafi

Yawancin waɗannan matsaloli ana kashe su ne tun ranar da aka fara aiki, idan ɓangarorin suka amince a rubuce kan abubuwa huɗu: tsarin fayil, zubin manhaja, ma'auni, da tushen awo tare da shiyya. Yana da kyau kowane fayil ya tafi da kwafin PDF na zanen, domin mai karɓa ya ga yadda ya kamata abin ya kasance, kuma a yi gwajin musayar ƙaramin fayil kafin aiki ya yi nisa.

Ga mai karɓa kuwa, buɗewar fayil ba ita ce shaidar ingancinsa ba. Kafin a ɗora layi ɗaya a kai, a auna tsawo ɗaya da aka sani, a duba lambobin dutsen iyaka ɗaya a kwatanta da takardar awo, sannan a gwada abin da ke kan kwamfuta da kwafin PDF. Binciken bai wuce minti biyar ba, kuma ya fi araha a yi shi a ofis da a gano kuskuren bayan an zuba harsashin gini.