Yusufu Karo: Rayuwarsa da Nasabarsa

1.0 Gabatarwa

Nasabar malami iri biyu ce: ta jini, wato iyaye da kakanni, da kuma ta ilimi, wato malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da almajiran da ya yaye. Wannan babi zai dubi waɗannan nasabobi biyu a rayuwar Yusufu Karo (1488–1575), masanin shari'ar Yahudawa, domin a ga yadda ilimin gida guda ya tsira daga kora da gudun hijira har ya zama madogarar al'umma.

2.0 Asalinsa

Zuriyar Karo mutanen birnin Toledo ne na ƙasar Sifaniya, kuma gidansu gidan malamai ne. An haifi Yusufu a shekarar 1488. Yana ɗan shekara huɗu, wato a 1492, Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela suka ba da umarnin duk Bayahuden da bai karɓi addinin Kirista ba ya bar ƙasar. Iyalin suka ƙaura zuwa Fotugal, amma can ma zama bai ɗore ba, domin a 1497 aka tilasta wa Yahudawan ƙasar barin addininsu. Daga nan suka nufi Daular Usmaniyya ta Turkiyya, inda Sarkin Musulmi Bayazidu na Biyu ya buɗe wa korarrun ƙofa.

Mahaifinsa, Ifraimu, shi ne malaminsa na farko. Bayan rasuwarsa sai baffan yaron, Is'haka Karo, ya ɗauki riƙonsa. Shi ma Is'haka shahararren malami ne, marubucin wani sharhi a kan Attaura da aka buga a Istambul a 1518. Ke nan Yusufu ya tashi ya tarar da karatu a gida, ko da yake gidan kullum a kan hanya yake.

3.0 Zamansa a Safad

Karo ya zauna a garuruwa da dama na daular, kamar Edirne da Nikopol da Salonika. Wajen shekarar 1536 ya koma Safad, wani gari a tsaunukan Galili a arewacin Falasɗinu, wanda ya zama matattarar malaman Yahudawa a wancan zamani. A can ya haɗu da Yakubu Berab, wanda a 1538 ya yi yunƙurin farfaɗo da tsohuwar al'adar naɗin malamai da ake kira semika, mai kama da ijazar da malami kan ba almajirinsa. Karo na cikin waɗanda Berab ya naɗa. Shi kuma ya naɗa Musa Alshek, Alshek ya naɗa Hayim Bital. Yunƙurin bai yi nisa ba saboda adawar babban malamin Ƙudus, Lawi ɗan Habib, amma ya nuna irin muhimmancin da suka ba salsalar ilimi.

4.0 Ayyukansa

Korar 1492 ta warwatsa Yahudawa, kowace jama'a ta isa sabon mazauni da al'adarta da fatawarta, har saɓani ya yi yawa. Wannan matsala ce Karo ya tunkara. A 1522 ya fara rubuta Bet Yosef, ma'ana Gidan Yusufu, bai kammala ba sai 1542. Sharhi ne a kan littafin Tur na Yakubu ɗan Asher, inda ya bi kowane hukunci zuwa tushensa a cikin Talmud. Wurin yanke hukunci ya dogara da magabata uku: Is'haka Alfasi, wanda ya yi zamani a Fas ta Maroko, da Musa ɗan Maimun, da Asher ɗan Yehiyel. Idan biyu suka dace a kan magana, galibi ita yake ɗauka.

Da yake littafin ya yi wa ɗalibai girma, sai ya taƙaita shi a cikin Shulhan Aruk, ma'ana Shiryayyen Teburi, wanda aka buga a Venis ta Italiya a 1565. Kashi huɗu ne: ibadar yau da kullum da bukukuwa, halal da haram na abinci da yanka, aure da saki, sai ciniki da shari'a.

Sai dai biyu daga magabatan nan uku na ɓangaren Yahudawan Sifaniya da Arewacin Afirka ne, don haka Yahudawan Jamus da Poland suka ga an bar al'adunsu a baya. Musa Isalis na birnin Krakow ya rubuta ƙarin bayani ya sa masa suna Mappa, wato mayafin teburi. Tun daga nan ake buga ayyukan biyu a haɗe, abin da ya sa ɓangarorin biyu suka amince da littafin.

5.0 Rasuwarsa da Zuriyarsa

Karo ya rasu a Safad a 1575 yana da shekara 87. Ɗansa Yahuza ya tattara wasu daga fatawoyinsa, aka buga su a Salonika a 1598. Har yau Yahudawan da asalinsu Sifaniya ne suna kiran sa Maran, wato shugabanmu.

6.0 Kammalawa

An raba zuriyar Karo da ƙasarsu da dukiyarsu, amma ba a raba su da karatu ba. Uba ya dasa, baffa ya yi ban ruwa, malami ya naɗa, ɗa da almajirai suka adana. Wanda zai rubuta tarihin rayuwar wani masani, wajibi ne ya bi sawun nasabobin nan biyu, domin da su ake gane inda tunaninsa ya samo tushe.