Jikinka Na Nan, To Ina Hankalinka? Yadda Za Ka Koyi Tattara Hankali a Gida

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Bari in fara da tambaya. Ka taɓa idar da sallah ka rasa wace sura ka karanta? Kin taɓa cinye kwanon abinci kina latsa waya, ba ki ma ji ɗanɗanon miyar ba? Ni kam ya sha faruwa da ni. Bayan na gama bautar ƙasa na yi watanni ina neman aiki. Ƙarfe biyun dare ina kwance ido biyu, ina lissafin takardun da na tura ba amsa, ina auna kaina da abokan da nake gani a Instagram. Jikina na kan katifa, hankalina na can gobe da jibi.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. A 2010, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard a Amurka sun bibiyi mutum 2,250 ta wata manhajar waya, tana tambayarsu lokaci zuwa lokaci me suke yi, me kuma suke tunani. Sun gano cewa kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin, hankalin mutanen ba ya kan abin da suke yi. Kuma idan hankalin ya tafi yawo, farin cikinsu raguwa yake. Da ma Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne.

To mene ne tattara hankali? Shi ne ka ajiye hankalinka da gangan kan abin da ke faruwa yanzu, kamar numfashinka ko sautin da kunnenka ke ji, ba tare da ka yanke wa kanka hukunci ba. Mutane da yawa suna zaton sai kai ya zama fanko, babu tunani ko ɗaya. Ba haka ba ne fa. Hankali kamar ɗan akuya ne, dole ya tsinke igiya. Aikinka ka lura ya gudu, ka kamo shi a hankali ka mayar da shi turke. Wannan dawowar ita ce atisayen.

Na san wani zai ce, ai wannan abin 'yan addinin Buddha ne. Gaskiya ne salon da ya yaɗu a duniya yau daga can tushensa yake. Amma a 1979, wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirin mako 8 a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts, ya cire ibada daga ciki, ya bar horon hankali zalla domin masu fama da ciwo mai daɗewa da matsin rayuwa. Daga baya hukumomin lafiya a Ingila suka amince da wani salo da aka gina a kansa domin rage dawowar ciwon damuwa. Abin da nake magana a kai ba bautar kowa a ciki, ba kalmar da ake maimaitawa, kuma ba ya maye gurbin sallah ko zikiri. Mu ma ai mun san darajar halarto da zuciya, kullum malamanmu na jan hankalinmu a kai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa.

Me ke faruwa a jiki? Idan ka shiga fargaba, jiki na sakin sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, kamar za ka gudu daga wani haɗari. Matsalar ita ce, tunanin kuɗin haya ma na iya kunna wannan ƙararrawa. Numfashi a hankali, musamman idan ka tsawaita fitar da iska, yana taimakawa bugun zuciya ya sauka.

Yanzu ga yadda za ka gwada a gida.

Na ɗaya, zaɓi lokaci guda ka riƙe. Ni bayan Asuba nake yi, kafin in buɗe WhatsApp. Minti 5 ya isa.

Na biyu, zauna kan tabarma ko kujera, ka miƙe bayanka ba tare da ƙanƙame jiki ba. Rufe ido, ko ka sauke kallonka ƙasa.

Na uku, ji yadda iska ke shiga hancinka, da yadda cikinka ke tashi yana sauka. Duk fitar numfashi ka ƙirga, daga ɗaya zuwa goma, sai ka koma farko.

Na huɗu, idan ka farga kana tunanin bashi ko wata magana da aka yaɓa maka jiya, kar ka zagi kanka. Ka ce a ranka, "tunani ne," ka koma ɗaya. Ranar farko ko huɗu ban kai ba, wallahi.

Wata za ta ce, gidanmu gidan yawa ne, ina zan samu shiru? 'Yar uwa, ba sai da shiru ba. Ƙarar janareta, carar zakara, muryar mai tallan koko, duk ki saurare su kamar yadda suke, su zo su wuce. Ko a wanke-wanke za ki iya: ki ji sanyin ruwan da santsin sabulun. Kai ma ɗan uwa, sha kofin shayi ɗaya ba waya a hannu.

Sai gargaɗi. Akwai 'yan uwanmu da suka ga tashin hankali, harin 'yan bindiga ko rasa wani nasu. Ga wasunsu, rufe ido a zauna shiru na iya dawo da abin da suka gani. Idan haka ta faru, buɗe ido, ka tsaya, ba dole. Kuma idan damuwa ta yi makonni ta hana ka barci ko ci, ko kana jin rayuwa ta ishe ka, wannan ya wuce atisayen numfashi, ka ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Kar in yaudare ku, wannan abu bai samar min aiki ba. Abin da ya yi min shi ne, na fara gane lokacin da tunani ke shirin jana cikin rami, in tsaya tun ban faɗa ba. Barcina ya gyaru, saurin fushina a gida ya ragu.

Aikin wannan mako: minti 5 kullum, kwana 7. Ku dawo nan ku faɗa mana zuwa nawa kuka ƙirga kafin ɗan akuyan ya tsinke. Ku tura wa wanda kuka san yana buƙata.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.