Aikatau Biyu, Siga Ɗaya: Shuɗaɗɗen Lokaci a Sifaniyanci

Bahaushe mai koyon Sifaniyanci yakan fara cin karo da wani bambanci na asali. A Hausa, aikatau ba ya ɗauke da alamar lokaci: kalmar da ke gabansa ita ke nuna wanda ya yi aikin da lokacin da ya yi shi, watau na tafi, mun tafi, sun tafi. A Sifaniyanci kuwa wannan nauyi duka yana kan ƙarshen aikatau, shi ya sa sau da yawa ba a ma ambatar wakilin suna.

Aikatau ir, watau tafiya, ya fi sauran rikitarwa, domin a shuɗaɗɗen lokaci babu abin da ya rage daga tushensa. Ana cewa fui, na tafi; fuiste, ka tafi ko kin tafi; fue, ya tafi ko ta tafi; fuimos, mun tafi; fuisteis, kun tafi; fueron, sun tafi. A ƙasashen Latin Amurka ba a amfani da fuisteis a maganar yau da kullum, sai a ce ustedes fueron.

Abin mamakin shi ne, waɗannan sigogi shida su ne kuma na aikatau ser, watau zama ko kasancewa, ba tare da bambancin ko harafi ɗaya ba. Asalinsu na ser ne, domin a Latinanci fui na nufin na kasance. Sannu a hankali aikatau na tafiya ya yar da nasa sigogin ya ari waɗannan, aron kuma ya zauna.

Saboda haka ba daga kalmar ake gane ma'ana ba, sai daga abin da ya biyo ta. Alal misali, fue a Madrid na nufin ya tafi Madrid, amma fue médico na nufin ya kasance likita. Ƙaramar kalmar nan a, mai nuna inda aka dosa, ita ce babbar madogara, kuma mai fassarar da ya tsallake ta zai juya jimlar gaba ɗaya.

Akwai kuma batun rubutu. A tsofaffin littattafai za a ga fué da fuí da alama bisa wasali. Cibiyar Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713, ta soke wannan alama a ƙa'idojin da suka fara aiki a 1959, don haka ɗalibin da ya kwaikwayi tsohon bugu a jarrabawa za a lissafa masa kuskure.