Sarkin Noma da Ciwara

Manoman Madawa, Buza da Keita sun san sarautar sarkin noma. A al'adar kaka da kakanni, ba da fatar baki ake samun ta ba: sai mutum ya noma dami dubu, ya yi buki, ya ciyar da jama'a.

Bambarawan ƙasar Mali, masu kiran kansu Bamana, su ma suna girmama gwanin noma, amma ta hanyar sassaƙa. Sukan sassaƙa itace da siffar gwanki, su ɗaura shi bisa ɗan kwando, samari su aza a ka su yi rawa a gona. Sunansa ciwara: "ci" noma ne, "wara" kuwa naman daji. Sun ce shi ya koya wa mutane noma, amma da suka ƙoshi suka shiga ɓarnar hatsi, sai ya nutse cikin ƙasa.

Abin lura, ciwara ba ya fita shi kaɗai. Namiji da mace ne, macen tana goye da ɗanta.

Nan ne muke da gyara. A shekarar fari ta 1984, aka buɗe aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da taimakon Italiya, alhali maza da yawa sun tafi bida. Mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu, suna jera su don tare ruwa, suna dasa itatuwa a faƙo. Gonaki sun rayu, amma ba kasafai makaɗan noma ke yi wa waɗannan mata kirari ba.