Tsoron Likitan Haƙori: Abin da Ma'auni Ba Zai Gani Ba a Wurin Yaran Gwiwa

Likitocin haƙori sun daɗe da gane cewa duba ramin da ke haƙorin yaro bai isa ba, sai an auna tsoronsa. Tun 1969 Norman Corah ya fitar da ma'auni mai tambayoyi 4 a Amurka. A 1995 Gerry Humphris da abokan aikinsa suka gyara shi ya koma tambayoyi 5, maki daga 5 zuwa 25, duk wanda ya kai 19 ana sa shi cikin masu tsananin tsoro. Yara ma an yi musu nasu. Na Cuthbert da Melamed na 1982 tambayoyi 15 ne, a kan allura, ƙarar injin huda haƙori, buɗe baki, taɓawar baƙo, har da ganin masu farar riga. A 2002 kuma Buchanan da Niven suka kawo fuskoki biyar, daga mai fara'a zuwa mai ɓacin rai, sai yaro ya nuna wadda ta dace da shi. A nan Nijeriya, Farfesa Morenike Folayan ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana cikin waɗanda suka nazarci lamarin.

Dalilin wannan himma a fili yake. Mai tsoro yana ƙin zuwa, haƙori ya ƙara ruɓewa, ranar da dole ta kawo shi kuma aikin ya yi tsanani, tsoron ya ninka.

To, a ɗauki yaron ƙauye a Ƙaramar Hukumar Gwiwa ta Jihar Jigawa. Alawa da biskit da lemon kwalba sun isa kowane shago, amma likitan haƙori sai an hau mota zuwa Kazaure ko Daura, wani lokaci har Kano. Saboda haka ba a kai yaro don a duba lafiyar bakinsa. Sai an gwada kanumfari da ruwan gishiri, an sayo ƙwayoyi a kemis, kumatu ya kumbura ya hana gida barci. A irin wannan hali allurar kashe zafi ba ta kamawa sosai, domin wurin ya riga ya yi kumburi, kuma sau da yawa abin da ya rage shi ne cirewa. Haɗuwarsa ta farko da likita ke nan. Wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi.

Wani tushen tsoron a gida yake. Sau nawa muke cewa yaro, "In ba ka yi shiru ba, zan kai ka a yi maka allura"? Mun mai da asibiti bulala, sa'annan mu yi mamakin ya dafe baki.

Inda nake da ja da masu ma'auni shi ne nan. Tambayoyin sun ɗauka yaro zai faɗi abin da ke ransa, alhali namu an rene shi a kan dauriya da kunya. Ɗan shekara goma sha uku yana zaune, babansa a tsaye a kansa, likita ya miƙo masa fuskoki biyar. Mai fara'ar zai nuna, ko da tafin hannunsa ya jiƙe da gumi, don kada a ce masa rago. Budurwa kuma ta ja mayafi ta rufe baki ta sunkuyar da kai, uwa ta amsa mata. Ko ma'aunin Frankl na 1962, wanda likita ke lura da halin yaro a kan kujera, yana iya ruɗar mai dubawa, ya ɗauki shirun ladabi a matsayin kwanciyar hankali. Sa'annan me yaron da bai taɓa ganin injin huda haƙori ba zai ce game da ƙararsa? Babban giɓin kuma, asibiti na auna wanda ya zo ne. Wanda tsoro ya fi kamawa yana gida.

Illar ba ƙarama ba ce: fashin makaranta, ƙin abinci ga yaron da dama abincin bai ishe shi ba, da shan magani barkatai. Jinkirin kai yaro a duba bakinsa yana da haɗari ƙwarai a yankin da aka san cutar noma mai zaizayar fuska, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023. Yunwa da ƙyanda da rashin tsaftar baki ne ke buɗe mata ƙofa, amma daga gyambon dasashi take farawa.

A ganina nisa da kuɗi sun fi tsoro nauyi a Gwiwa. Sai dai tsoro ne ya fi arhar magani. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa ta kai awon tsoron zuwa makarantun firamare da Islamiyya, cikin Hausa, a keɓe, ba a gaban iyaye ko abokai ba, ma'aikacin lafiya ya bar yaro ya riƙe madubin baki kafin a ce ya buɗe. Iyaye kuma, don Allah, ku daina tsorata yara da allura.